Fitilar Taya Daga Gidimuni Zuwa Bakin Komadugu

Tun da na dawo daga Diffa ban huta da tambaya ba. A fada wurin shan shayi, a ƙofar masallacin unguwa, har a kantin maganin da nake aiki, mutum zai miƙo mini takardar likita ya ce, "Haruna, wai yaya can ɗin yake?" In na ce sai addu'a, sai a ga kamar rowar labari nake yi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Yayata Zuwaira ce ta kai ni. Ta fi shekara talatin tana aure a wani ƙauye cikin kwarin Komadugu, kudu da Shetimari, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Mijinta Ba Modu Babarbare ne, manomin tattasai. Wata biyar kafin tafiyata aka tsallako kogi aka harbe shi a bakin injin ban-ruwansa, aka tafi da ɗansu Aisami tare da wasu samarin garin. Ban je gaisuwa ba, ta waya na yi, kuma abin yana cina har yau. Da ta fita takaba sai dangi suka taru suka ce in je in taho da ita gida Damagaram.

Alhaji Sani mai kantinmu ya ba ni aron kat-kat ɗinsa, irin manyan motocin nan na hannu da ake kawowa daga Turai. Na roƙi maƙwabcina Baba Grema ya raka ni. Tsohon direban manyan motoci ne, ɗan asalin Maine, yana jin Barbarci kamar ruwa. Idonsa ya yi rauni, don haka ni ke tuƙi, shi kuma yana gefe yana cin goro yana gyara mini tuƙin.

Mun fita bayan sallar asuba, a tsakiyar bazara. Mun wuce Mirya lafiya. Muna barin Gidimuni kaɗan sai na ji ɗan ƙara, ting, wata fitila rawaya ta kama a gabana, kamar ƴar tukunya da sanda a tsaye cikinta. Na gangara gefe na tsaya.

Baba Grema ya sunkuyo ya ƙura mata ido. "Wannan kuma ta mece ce?"

Na ce ban sani ba. Na kira Alhaji Sani, ya ce shi tun da ya sayi motar bai taɓa ganinta ba, amma bari ya tambayi ɗansa. Can ya sake kira ya ce wai ta iskar taya ce. Muka fita muka zagaya motar. Baba Grema ya shuri kowace taya da ƙafa, ya daddanna da babban yatsa, ya tofar da goro.

"Ƙarya take," in ji shi. "Shekara arba'in ina kan hanya, ba fitilar da ta taɓa gaya mini taya ta sace. Kunnena ne ke gaya mini."

A Gure muka tsaya wurin wani mai faci a bakin tasha. Ya sa ma'auni ya ce ta baya ta hagu ta ɗan rage, sauran lafiya. Ya tayar da injinsa ya ɗura wa dukkansu iska har suka yi tauri kamar dutse, ya ce in muka yi kilomita ashirin za ta mutu da kanta. Muka yi ashirin, muka yi hamsin. Motar tana ta tsalle da mu a kan ramuka, fitilar tana nan yadda take.

A Gudumariya muka ci abinci a wata rumfa, shinkafa da miyar da ba ta ga nama ba. A nan muka gamu da wani direban farar motar ƴan agaji, Bazabarme, yana dawowa daga Diffa. Ya ji muna gardama a kan fitilar, ya wanke hannu ya ce mu nuna masa. Da farko ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata ƴar takarda manne a jikin ƙarfen, da adadin iskar da masu motar suka rubuta. Ya ɗauko ma'auninsa ya gwada, ya yi dariya ya ce mai facin Gure ya ɗura mana iskar motar kaya, a wannan zafin kwaltar muna neman fashewa ne. Ya rage wa kowace. Sannan ya durƙusa ya lalubo wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin sitiyari, ya ce in kunna makulli in danna shi in riƙe. Fitilar ta yi ƙyafta uku ta mutu. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Amma ya ce in saurara. A cikin kowace taya, bayan bakin da ake ɗura iska, akwai wani ɗan abu mai ƙaramin batir, shi ya kira shi kafta, shi ne ke gaya wa mota yawan iskar. In fitila ta yi ta ƙyaftawa na kamar minti ɗaya idan an tayar da mota sannan ta tsaya, to kaftan ne ya mutu, ba abin tsoro. In kuwa ta kama tsaye ba ƙyaftawa, to iska ce da gaske ta rage a wani wuri.

Da za mu rabu ya riƙe hannuna. "Daga Maine zuwa Diffa kada ku tsaya. Ko fitsari ne ku riƙe."

Ba mu yi nisa da Gudumariya ba na ji ting. Ta dawo. Na tsaya na kashe motar na sake tayarwa ina kallo. Ba ta ƙyafta ba ko sau ɗaya. Daga nan raina bai ƙara kwanciya ba.

A shingen shiga Maine aka tsayar da mu tun daga nesa. Soja ya ɗaga murya ya ce mu fito, mu ɗaga riga sama, mu juya, mu tako a hankali. Baba Grema da furfurarsa ya ɗaga riga har wuya, a ƙofar garin da aka haife shi. Bayan sun duba takardunmu da bayan motar sun sake mu, sai muka nemi ruwa da sabulu a wani shago, muka shafa kumfa a bakin kowace taya da kewayen ƙarfenta, muka tsuguna muna jiran kumfa ta tashi. Ba inda ta tashi. Muka mirgina motar gaba kaɗan-kaɗan muna neman ƙusa. Babu. Awa guda ta tafi a banza, rana ta soma karkata.

Abin da na fara lura da shi a Maine shirun garin ne. Na daɗe ban gane me ya ɓace ba, sai daga baya: babu babur ko ɗaya. An hana su duk jihar, saboda da su ake kawo hari. Mu a Damagaram da kukan kabu-kabu muke tashi, da shi muke kwana. Can sai takun jaki da ƙarar amalanke, da mutane a ƙafa ɗauke da kaya.

Hanyar Maine zuwa Diffa ita ce mafi tsawo da na taɓa bi, ko da yake ba ta kai rabin wadda muka baro ba. Dama da hagu na kwalta bukkoki ne na kara da tsummoki da fararen tamfol, kilomita bayan kilomita. Mutanen bakin kogi ne da na ƙetare da suka gudo, suka zauna a gefen hanya don nan ne motar soja da ta abinci ke wucewa. Mata a layi da jarkoki, tsofaffi zaune a inuwar da ba ta kai tabarma ba. Ba wanda ya ɗaga mana hannu. Ni kuwa ido ɗaya a hanya, ɗaya a fitilar. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar motar ta karkata gefe guda.

"Baba, ba ka ji tana ja dama ba?"

"Ba ta ja ko'ina. Taka mu tafi."

Mun shiga Diffa bayan la'asar, muka sauka gidan wani ɗan'uwan Baba Grema, malamin lekol, wato makarantar boko. Ɗaki uku ne gidan, amma iyali huɗu ke ciki, duk danginsa da suka gudo daga wajen Baruwa. Duk da haka suka share mana zaure suka turara shi da turaren wuta, irin na Barebari da ke kama riga har kwana uku. Gaisuwarsu doguwa ce, a hankali, murya ƙasa-ƙasa, wushe, wushe, matan suna ɗan tafa hannu. Aka kawo burabusko da miyar kuɓewa. Mai gidan ya yi ta ba mu haƙuri wai babu kifi. Ya ce da, baƙo ba ya kwana Diffa bai ci bandar kifi ba, yanzu an hana kamun kifi, an hana shiga tafki, kifin ya zama labari. Na kuma lura ba wanda ke kiran sunan masu kashe-kashen. Mu a fada da ƙarfi muke faɗinsa muna gardama. Su sai dai su ce yaran, ko mutanen can, su ɗan karkata kai wajen kudu.

Kafin magariba Baba Grema ya ce shi ya san maganin motocin zamani: a cire kan batir a bar ta ta manta. Ya cire, muka jira kamar minti goma, ya mayar. Yana mayarwa motar ta ɓarke da kururuwa, oda da jiniya tare, fitilu suna walƙiya. Ban taɓa ganin abin da na gani a wannan minti ba. Titin ya watse. Wata mata ta fizgi jaririnta ta bar takalmi, wani tsoho ya kwanta rub da ciki a bakin kwata, cikin gidan yara suka fashe da kuka. Da ƙyar na lalubo makulli na kashe. Muka bi ƙofa-ƙofa muna ba da haƙuri. Ba wanda ya zage mu, kuma da an zage mu da ya fi mini sauƙi. Da na tayar da motar, agogonta ya koma sifili, rediyo ya manta tashoshinsa, fitilar kuwa tana nan. Baba Grema ya nemo baƙin salatif ya manna a kanta.

"Shi ke nan," ya ce. "Ta mutu."

Da safe muka je ofis aka ba mu takardar izinin gangarawa kwari, aka ce lallai mu fito kan kwalta kafin la'asar. Muka koma yamma zuwa Gagamari, inda hanyar yashi ke rabuwa. Baba Grema ya ce sai mun rage iska kafin mu shiga yashi, sai muka tsaya wurin wani mai faci a ƙarƙashin bishiyar bedi. Ba shi da inji. Famfon hannu ne, da ƙarafa biyu na tsohon sifirin, da rabin duro na ruwa. Sunansa Bukar, mutumin Damasak ne daga ƙetaren kogi, dogo, mai kamar shekara hamsin. Ya leƙa ta taga ya ga salatif ɗin.

"Oga, me aka rufe a nan?"

Na ɓare na nuna masa, na kwashe labarin tun daga Gidimuni. Ya saurara har na gama bai katse ni ba. Sai ya ce, "Taya nawa gare ka?"

Na ce huɗu.

"Biyar gare ka."

Ya zagaya baya ya kwanta a ƙasa ya shiga ƙarƙashin motar. Can na ji ya buga wani abu da hannu, ƙarar ta fito lakaf. Safaya ce, wadda mu muke cewa sukur, rataye da sarƙa a ƙarƙashin bayan motar. Ya ce irin wannan motar har safayarta tana da sensa, abin da Bazabarmen nan ya kira kafta. Muka nemo sandar sauke ta, sarƙar ta yi tsatsa, sai da aka zuba baƙin mai ta yarda ta sauko. Da ya tsayar da tayar ya danna da gwiwa, ta lotsa kamar tsohon takalmi. Babu iska a cikinta ko ta numfashi ɗaya.

Baba Grema ya cire hula ya shafa kai. Shekara arba'in a hanya, kuma tun jiya bai ce a duba sukur ba. Ni ma ban ce ba. Mun ratsa Maine zuwa Diffa da taya huɗu kawai, kuma da su muke shirin shiga kwari.

Bukar ya ɗan buga mata iska ya tsoma gefen bawul, wato bakin ɗura iskar, a duro. Kumfa ta taso daga gindinsa. Ya ce robar da ke riƙe bawul ɗin ce ta bushe ta tsage, tsufa da zafi, ramukan hanya suka ƙarasa ta. Ya sa ƙarafansa ya danne leɓen tayar a hankali, yana kaucewa wajen sensan don kada ya karye, ya kwance ɗan notin da ke ɗaure bawul ɗin, ya yanko zobe daga tsohon tib ya maye gurbin robar. Yana aiki yana magana, idonsa a kan hannunsa.

Ya ce a Damasak shago gare shi na bulo, da injin iska babba, da na'urar daidaita taya. Manyan mutane daga Maiduguri in sun zo, wurinsa suke kawo irin waɗannan motocin, a nan ya san su. Ranar da yaran suka shigo gari, da abin da ke jikinsa ya fita. Kogi a cike yake lokacin. Ya ɗaura ƙaramin ɗansa a baya, matarsa ta kama kafaɗarsa, ƴarsa mai shekara tara ta riƙe zanen uwar. Da suka taka ƙasa a wannan gefen, zanen yana nan, ƴar ba ta nan.

Ya ɗaure bawul ɗin ya gwada shi da yatsa. "Riƙe mini nan, Oga," ya ce.

Da famfon hannu leɓen taya ba ya komawa mazauninsa da sauƙi. Sai ya zagaya bayanta da igiya, ya sa sanda yana murɗawa har ta matse, mu kuma muka kama famfo. Ni, Baba Grema, shi, muna karɓa-karɓa, gumi yana zuba cikin ido. Can muka ji tas, ta zauna. Ya cika ta daidai da abin da ke rubuce a ƙofa, ya sake tsomawa a ruwa, ba kumfa. Muka rataye ta. Ya ce in hau kwalta in je in dawo. Ban kai kilomita uku ba fitilar ta mutu, ba wanda ya danna komai.

Da na dawo ya rage wa tayoyi huɗun iska saboda yashi, ya ce za ta sake kamawa, kada in damu, wannan karon mu muka sa ta. In mun fito mu biyo ya mayar.

Kwarin ba yadda na san shi ba ne. Na zo sau biyu a da, lokacin da duk inda ka duba jan tattasai ne shanye a ƙasa, injuna suna ta kuka, manyan motoci suna lodi. Yanzu gonaki ne da busassun karare a tsaye, magudanan ruwa sun cika da yashi. An daɗe da hana fitar da tattasan, an ƙuntata taki da man inji, sannan wanda ya je gona ba shi da tabbacin dawowa. Ƙauyen Yaya rabinsa ƙofofi ne a rufe da ƙaya.

Na same ta a tsakar gida tana tsince gero. Da ban san gidan ba da na wuce ta. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Auta, kai ne?" Hausarta ma ta koma da karin Barebari. Na durƙusa na yi mata gaisuwar da ya kamata in yi wata biyar da suka wuce. Ba ta yi mini gori ba. Ta kira wata yarinya daga ɗaki ta kawo mana kunun tsamiya. Falmata ce, matar Aisami, da tsohon ciki. Ta durƙusa da ƙyar ta gaishe mu da Barbarci ta koma.

Na faɗa wa Yaya saƙon dangi. Ta saurara, sannan ta tashi ta ce in biyo ta. Bayan gidan kaɗan, bayan wasu goruba, sai ga Komadugu. Na ɗauka zan ga wani abu mai kama da iyaka. Ruwa ne siriri tsakanin tudun yashi, wani wurin bai kai gwiwa ba. Ƙetaren Najeriya ce, in ka yi jifa da ƙarfi dutsen zai faɗa can. Ba shinge, ba tuta, ba kowa.

"Ta nan suka bi da shi," ta ce. "Ɗan gidan liman da aka tafi da su tare ya gudo wata biyu da suka wuce. Ta nan ya fito, da rana tsaka, ƙafafunsa duk sun fashe. Ya ce ya bar yaron nan da rai."

Ba ta kiran sunan Aisami, ɗan fari ne.

"Yaya, in ya fito ai za a gaya masa inda kike."

"Wa zai gaya masa? Dubi garin. In ya fito ya tarar da ƙaya a ƙofa fa?"

Na yi magiya, na kawo sunan Inna mahaifiyarmu da ke kwance tana tambayarta, na ce ruwan nan yana ƙara janyewa, kowa na iya takowa. Baba Grema ma ya sa baki. Ta bar mu muka gama.

"Ba inda za ni, Auta. Amma ba za ka koma hannu wofi ba. Ungozomar garin nan ta gudu, likita mafi kusa sai Shetimari, kuma ba babur. Ka tafi da yarinyar nan ta haihu a hannun matarka. Iyayenta suna wani sansani, ban ma san wanne ba."

Falmata ba ta so ba. Na ji su a ɗaki, muryar Yaya a hankali, tata tana rawa. Da ta fito idonta ya kumbura, da ƙullin kaya ɗaya da tukunya. Yaya ta raka mu har mota, ta gyara mata zama, ta rufe ƙofar da kanta. Ta juya ta koma gida tun kafin in tayar.

Mun baro bayan azahar. Muna tsakiyar wani fili, rabin hanya zuwa kwalta, na ji bam a gaba ta dama, motar ta durƙusa. Kututturen ƙaya ne ɓoye cikin yashi, ya tsaga gefen tayar kamar an sa wuƙa. Muka sauke sukur, muka kafa jak. Ina murɗawa jak ɗin yana nutsewa cikin yashi, motar ba ta ɗaga ba. Muka tona, muka sake kafawa, ya sake nutsewa.

Sai Baba Grema ya ce da ni a hankali, "Kada ka juya da sauri. Akwai mutane a gindin itatuwan can."

Na saci kallo. Uku ne, a tsaye, da nisa, wajen kogi. Ba sa tahowa, ba sa tafiya. Har yau ban san ko su wane ne ba, wataƙila masu itace ne. A nan Falmata ta buɗe ƙofa ta sauko, ta kwance ƙullinta ta ciro murfin tukunyar, mai kauri na dalma, ta miƙo mini tana nuna ƙasan jak ɗin. Muka ɗora shi a kai. Murfin ya lanƙwashe amma ya riƙe. Ban san minti nawa muka yi ba. Na san dai da sukur ta taɓa ƙasa ta ɗauki nauyin motar ba ta lotsa ba, Baba Grema ya ce Alhamdulillahi da wata murya da ban san shi da ita ba. Muka jefa komai ciki muka tafi. A madubi na ga mutanen uku suna nan tsaye.

Bukar ya juya tsagaggiyar tayar ya girgiza kai, ya ce wannan ta gama, gefe ba ya facuwa. Muka sake kama famfo muka cika huɗun. Ya ce tunda matacciyar na tare da mu fitilar ba za ta mutu ba har sai an sa sabuwa an mayar mata da sensan, in lallaɓa, kuma in tuna ba ni da ta biyar. Ya ga Falmata a baya, ya yi mata magana da Barbarci, ta amsa da kalma ɗaya. Ya ce da ni, "Allah ya sauke ta lafiya, Oga. Ka yi nisa da ita daga ruwan nan."

Mun isa shingen Maine dab da rufewa. Aka ce mu fito kamar jiya. Ni da Baba Grema muka ɗaga riga. Falmata ta fito da hijabinta har ƙasa, cikin ya turo gaba. Sojan da ke gaba, saurayi ne ƙarami, ya ja da baya ya ɗaga bindiga, yana ihu da Faransanci, yana ihu da Hausa, wai ta tsaya, ta ɗaga hannu, ta cire abin da ke jikinta. Ita ba ta jin ko ɗaya. Ta ga ana kiranta ne, sai ta ci gaba da takowa. Na ji ƙarar da bindiga ke yi in an ɗana ta. Baba Grema ne ya daka mata tsawa da Barbarci, ta tsaya cak. Ya tako a hankali, hannuwansa a sama, ya shiga tsakaninta da bakin bindigar.

"Ɗana, ciki ne," ya ce. "Ciki ne na haihuwa. Ku kira mace ta duba."

Aka kira wata mai sayar da ƙosai a gefen shingen ta kai ta bayan buhunan yashi. Da suka fito matar ta ce ciki ne, har yana motsi. Sojan ya sauke bindigar ya zauna a kan buhu ya rufe fuska da hannu. Babbansu ya miƙo mana takardunmu ya ce mu yi haƙuri, sun binne abokan aikinsu da irin wannan. Na ce na sani. Ban iya jin haushinsa ba.

Mun kwana Maine, washegari muka iso Damagaram da la'asar, fitilar tana kunne duk hanya. Falmata ba ta yi magana ba sai da Baba Grema, shi ma kaɗan. Alhaji Sani ya sa sabuwar taya a satin, fitilar ta mutu.

Kwana ashirin da wani abu bayan nan Falmata ta haifi namiji. Ana gobe suna na aika Baba Grema ya tambaye ta ko tana da sunan da take so, tunda ba uba ba kaka a kusa. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya zauna kusa da ni ya ce ta ce Aisami. Ya ce ya tambaye ta ko ta san abin da mutane za su fahimta, tunda ba a sa wa ɗa sunan uban da ke raye, ta ce ta sani. Ta ce ɗan gidan liman ya gaya mata abin da bai iya gaya wa tsohuwa ba, ita ma ta kasa.

Sai da na kira sau shida kafin wayar ta shiga ƙauyen. Na gaya wa Yaya an sauka lafiya, namiji. Ta yi hamdala, ta tambayi mai jego, ta tambayi ko nono ya zo. Sannan ta ce wane suna aka sa. Na faɗa mata.



"Wa ya zaɓa?"

"Ita."

Na ji numfashinta, na ji kukan akuya a bayanta.

"To," ta ce. "Allah ya raya shi." "Auta, in Alhaji zai ƙara ba ka motar, ka zo kafin damina ta ɓata hanya. Kayana ba su da yawa."